BAƘON DA KE CIKIN GARINMU: DARASI DAGA TAMALE

Karatun wannan mako: Farawa 46:28 zuwa 47:6, Fitowa 1:6-14, Littafin Firistoci 19:9-10, 33-34, Rut sura 2, Ayyukan Manzanni 6:1-7

Manufar darasi: Mu gane ma'aunin da muke auna baƙo da shi, mu gwada shi da ma'aunin Maganar Allah.

Gabatarwa

Idan ka taɓa kwana a Tamale, babban birnin Jihar Arewa a ƙasar Gana, ka san yadda gari yake wayewa a can. Mata suna zaune bakin hanya da tukunyar koko da kaskon ƙosai. Da rana ta ɗaga sai ka ga layi a gaban mai sayar da wake da shinkafa, wanda dukan Gana take kira waakye. Da yamma kuma tuwo ne, kowa yana ce masa tuo zaafi. Duk waɗannan sunaye daga bakin Hausawa suka fito. Idan ka shiga gidan Badagombe zai tarbe ka da amaraaba, wato maraba, in kuma yana so ya ba ka labari zai ce lahabali. Baƙi ne suka kawo waɗannan kalmomi, sun zauna a gari har ba mai tambayarsu daga ina suke.

Amma mutanen fa? Abincin baƙo yakan zama na gida cikin 'yan shekaru, shi baƙon kuwa wani lokaci har jikansa ana ce masa baƙo. Akwai kuma wanda ya zo jiya, yau an riga an ba shi mata da fili. Me ya sa ɗan gari yake buɗe wa wani ƙofa, ya rufe wa wani? Wannan ita ce tambayar da za mu yi nazari a kanta. Ta shafe mu ƙwarai, gama a cikin majami'unmu akwai 'yan gari, akwai baƙi, da yawa daga cikinmu kuwa 'yan gari ne a wani wuri, baƙi a wani.

1. Garin da baƙi suka taya ginawa

Tamale tana cikin ƙasar Dagbon, masarautar Dagombawa, wadda sarkinta, Ya-Na, yake zaune a Yendi. Tun kafin Turawa su zo, fatake daga Kano da Katsina suna ratsa wannan ƙasa da jakuna, suna kai kanwa da tufafi da fatu zuwa Salaga a ƙasar Gwanja, su komo da goro. Inda ayari ya sauka ya huta shi ne zango, daga nan aka sami sunan unguwannin da yau ake kira Zongo a ko'ina cikin Gana. A 1892 yaƙin basasa ya tashi a Salaga, kasuwa ta watse, fatake da malamai suka bazu cikin garuruwa. Ɗaya daga cikinsu shi ne shahararren malamin nan Alhaji Umaru, haifaffen Kano, wanda ya zauna a Kete Krachi har ya rasu a 1934.

A 1907 Turawan Ingila suka ɗauke hedkwatar mulkin Arewa daga Gambaga suka kawo ta Tamale. Daga nan ƙaramin gari ya fara cika. Hausawa suka zo da fatauci da fawa da malanta. Mosawa suka gangaro daga ƙasar da yau ake kira Burkina Faso. Yarbawa suka zo daga Ogbomosho da garuruwan da ke kusa da ita, suka kama rumfuna a kasuwa. Mutanen Kudu suka zo aikin gwamnati. Har yau sunayen unguwanni suna ba da shaida: akwai Hausa Zongo, akwai Moshie Zongo, akwai Sabonjida, wato sabon gida. Ƙidayar 2021 ta nuna mutane fiye da 370,000 a cikin birnin, ban da yankin Sagnarigu da ke manne da shi.

A dā baƙo ba ya shiga gari haka kawai. Yakan sauka wurin maigida, wanda zai ba shi ɗaki, ya ajiye masa kaya, ya nemo masa mai saye, ya kuma tsaya masa idan magana ta tashi. Baƙi kuma suna da Sarkin Zongo wanda yake kai kukansu gaban sarkin gari. Hausawa sun ce da ɗan gari akan ci gari. Ka riƙe wannan a zuciya, za mu komo gare shi: baƙon da yake da wanda ya san shi, ya kuma tsaya masa, bai cika zama abin tsoro ba.

2. Baƙi uku, ido uku

Bari mu dubi baƙi iri uku, mu ga yadda aka karɓi kowannensu.

Na fari, Hausawa. Sun daɗe ƙwarai, addininsu ɗaya ne da na yawancin Dagombawa, an yi auratayya, malamansu sun zauna kusa da fada. Harshensu ya zama harshen kasuwa a wurare da yawa na Gana. Babban Limamin ƙasar, Sheikh Osman Nuhu Sharubutu, daga zuriyar Hausawa yake, kowa kuwa yana girmama shi. A lokacin Ista na 2019, sa'ad da yake cika shekara 100, ya ziyarci majami'ar Katolika ta Christ the King a Accra, abin da ya faranta wa mutane da yawa rai. Duk da haka ɗan Zongo ya san abin da ake nufi idan aka ce masa, "Kai ai ɗan Zongo ne." Wani lokaci sai ya je neman takardar shaidar ɗan ƙasa, a dubi sunansa, a ce ya kawo hujjar inda aka haifi kakansa. A 2017 gwamnati ta kafa asusu na musamman domin raya unguwannin Zongo, wannan kuwa ya nuna an yarda cewa an daɗe da barinsu a baya.

Na biyu, Yarbawa. Sun yi ƙwazo a kasuwar Tamale, suna sayar da yadi da kayan masarufi, suna ɗauko ƙannensu daga gida su koya musu ciniki. Yawancinsu daga garinsu suke auro mata, a garinsu kuma suke gina gidan tsufa. Muddin kasuwa tana tafiya, ba wanda ya damu. Amma da tattalin arziki ya tsananta, sai aka fara cewa baƙi sun ƙwace ciniki. Ranar 18 ga Nuwamba 1969 gwamnatin Kofi Busia ta ba da umarni cewa duk baƙon da ba shi da takardar zama ya bar ƙasar cikin mako biyu. Mutane fiye da 100,000 suka fita daga Gana. Waɗanda suka yi shekara talatin a Tamale suka sayar da kayansu a wulaƙance, suka hau manyan motoci da 'ya'yan da ba su taɓa ganin Nijeriya ba.

Na uku, Fulani makiyaya. Su ne baƙin da aka fi yi wa kallon zargi a yau. Kada mu ɓoye gaskiya: manomi yana da kuka na gaske. Wanda ya yi wata biyar yana wahala a gonar doya ko masara, shanu suka shiga dare ɗaya suka cinye, ba za ka ce masa ya yi shiru ba. Akwai kuma ɓatagari a cikin makiyaya kamar yadda suke a kowace kabila. Amma wake ɗaya ake bari ya ɓata gari. Idan Bafulatani ɗaya ya yi laifi, sai a ɗora wa dukan ruga. A Disamba 2011 an kai wa Fulani hari a yankin Gushegu, a arewa maso gabas da Tamale, aka kashe mutane, har da mata da yara. Abin mamaki shi ne, shanu da yawa da Fulanin nan suke kiwo na 'yan gari ne, na sarakuna da attajirai da ma'aikata. Cukun nan da ake kira wagashi, wanda ake so a kasuwa, daga hannun matansu yake fitowa. Daga 2022 kuma mutane da yawa sun tsere wa tashin hankali a Burkina Faso suka shigo arewacin Gana. A Yuli 2023 hukumar 'yan gudun hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta roƙi Gana ta daina mai da su baya da ƙarfi, yawancin waɗanda aka mayar kuwa mata ne da yara.

Idan muka tattara waɗannan, za mu ga ɗan gari yakan yi wa baƙo tambayoyi huɗu a zuciyarsa, ko bai furta ba. Yana jin harshena? Yana sujada kamar yadda nake yi? Aikinsa yana ƙara mini ne, ko yana rage mini? Yana zuwa jana'izarmu da bikinmu? Wanda ya ci waɗannan akan ce ya zama ɗan gida. Amma ka lura da abu ɗaya. Amsar takan sāke idan yunwa ta shigo, ko da baƙon bai sāke halinsa ba. Bayarben 1969 shi ne dai Bayarben 1959. Aljihun maƙwabcinsa ne ya sāke.

3. Darasin Masar

Littafi Mai Tsarki ya san wannan hali tun dā. A Farawa 46 da 47 mun ga Yakubu da iyalinsa sun shiga Masar saboda yunwa. Yusufu ya gargaɗe su tun kafin su ga sarki cewa Masarawa suna ƙyamar makiyaya. Duk da haka Fir'auna ya ba su Goshen, har ya ce a zaɓi gwanaye daga cikinsu su lura da dabbobinsa. Ka ga mutanen da ake ƙyamar zama da su, amma ake danƙa musu garken sarki. Wanda ya san arewacin Gana ba ya bukatar a fassara masa wannan.

Sai Fitowa sura 1 ta nuna mana wani sabon sarki wanda bai san Yusufu ba. Isra'ilawa ba su yi tawaye ba, ba su ƙwace gonar kowa ba. Sarki ya dubi yawansu ne kawai, ya ce idan yaƙi ya zo wataƙila su haɗa kai da abokan gaba. A kan wannan "wataƙila" aka bautar da al'umma guda, aka jefa jarirai a kogi. Mantuwa ce ta fara zuwa, tsoro ya biyo ta, zalunci ya zo daga ƙarshe. Duk garin da ya manta alherin da baƙi suka yi masa ya riga ya taka matakin farko.

Saboda haka da Allah ya ba Isra'ila doka a Littafin Firistoci 19, ya umarce su kada su cuci baƙo, su ɗauke shi kamar haifaffen gida, su ƙaunace shi kamar kansu. Dalilin da ya ba su shi ne su ma sun yi baƙunci a Masar. Wannan dalili bai tsufa ba. Shekara 13 da 'yan watanni bayan korar 1969, a Janairu 1983, gwamnatin Shehu Shagari ta kori baƙi marasa takarda daga Nijeriya, 'yan Gana wajen miliyan 1 suka komo gida a shekarar fari da gobarar daji. Jakar da suka zuba kayansu har yau ana kiranta da sunan wannan kora. Ko a yau ma, 'yan mata daga ƙauyukan Dagbon suna tafiya Accra da Kumasi yin dako a ka, ana kiransu kayayei, suna kwana a bakin shaguna, ana yi musu kallon da iyayensu suke yi wa Bafulatani. Mai masaukin yau, ɗiyarsa baƙuwa ce a wani gari.

4. Gonar Bo'aza

Littafin Rut ya nuna mana ɗaya hanyar. Rut mutuniyar Mowab ce, daga al'ummar da Isra'ila ba ta shiri da ita. Ta zo Baitalami gwauruwa, ba ta da gona, ba ta da ɗa. Sa'ad da Bo'aza ya tambayi shugaban masu girbi ko wace ce ita, da sunan ƙasarta ya bayyana ta. Haka mu ma muke yi: "wani Bafulatani," "wata 'yar Frafra," kamar mutum ba shi da suna.

Ka dubi abin da kowannensu ya yi. Rut ta manne wa surukarta Na'omi, ta fita aiki tun da safe, ta roƙi izini kafin ta yi kala, ta bi shawarar wadda ta san al'adar gari. Bo'aza kuma ya bi dokar da ta ce a bar gefen gona da abin da ya zube domin matalauci da baƙo, ya kuma ƙara a kan abin da doka ta ce. Ya yi mata magana da kansa. Ya gargaɗi samarinsa kada su taɓa ta, gama ya san abin da yakan sami baƙuwar mace a gonar mutane. Ya ce ta sha ruwa daga tulun ma'aikata, ya kira ta ta ci abinci tare da su. A takaice, ya zama mata maigida irin na zango.

Sakamakon fa? Kafin littafin ya ƙare, dukan gari ya san ta da mutunci, matan Baitalami da bakinsu suka ce ta fiye wa Na'omi 'ya'ya maza bakwai. Ta zama kakar mahaifin Dawuda, sunanta kuma yana cikin asalin Yesu Almasihu a Matiyu sura 1. Gari bai sāke ra'ayinsa a kanta da kansa ba. Mutum ɗaya mai daraja ne ya fara zama da ita a tabarma ɗaya a gaban kowa, sauran suka bi.

5. A cikin ikilisiya fa?

'Yan'uwa, a nan maganar ta zo gida. A Tamale masu bi ba su da yawa idan aka gwada da Musulmi, da yawa daga cikinsu kuma daga wani wuri suka zo: Dagaaba, Frafra, Kasena, Akan, Ewe, da 'yan Nijeriya. Kadinal Peter Dery, wanda ya yi shekaru yana Babban Bishop na Tamale, ya kuma rasu a 2008, mutumin yankin Nandom ne. Mun san ɗacin baƙunci, saboda haka bai kamata a same mu muna shayar da wani shi ba.

Tarihin ikilisiyar Baptis a Gana yana da gargaɗi a gare mu. 'Yan kasuwa Yarbawa ne suka kafa majami'unta na farko a garuruwa da yawa, har da Tamale. Sun yi aminci, sun ba da kuɗinsu, sun gina ɗakunan sujada. Amma a yawancin wurare da Yarbanci ake wa'azi da waƙa, ɗan gari kuwa yana wucewa yana cewa wannan majami'ar baƙi ce. Da umarnin 1969 ya zo, kujeru suka zama wayam cikin 'yan kwanaki, sai 'yan Gana kaɗan da suka rage suka ɗauki aikin kusan daga tushe. Allah ya albarkaci aikin, ya yi girma, amma darasin yana nan. Mu da muke sujada da Hausa, ko Turanci, ko Twi, mu tambayi kanmu: idan Badagombe ya shigo ranar Lahadi, zai ji kalma ɗaya da harshen uwarsa? Idan Bafulatani ya tsaya a bakin ƙofa da sandarsa, mai tsaron ƙofa zai nuna masa kujera, ko zai fara duba inda aka ajiye babura?

Ikilisiyar farko ma ta yi tuntuɓe a nan. A Ayyukan Manzanni 6, masu jin Helenanci suka yi gunaguni cewa ana tsallake gwaurayensu a rabon abinci. Manzanni ba su ce musu su yi haƙuri su daina raba kan jama'a ba. Sun yarda akwai matsala, suka sa aka zaɓi mutum bakwai, dukansu kuwa sunayen Helenawa gare su, ɗaya ma, Nikolas mutumin Antakiya, ba haifaffen Bayahude ba ne. Aka danƙa rabon a hannun waɗanda aka yi wa rashin adalci. Baƙo yakan tabbata an karɓe shi ranar da aka ba shi mabuɗin ɗakin ajiya.

6. Abin da ke wuyan baƙo

Kai kuma da kake baƙunci, akwai naka. Annabi Irmiya, a sura 29, ya rubuta wa waɗanda aka kai Babila cewa su gina gidaje, su yi shuka, su nemi zaman lafiyar birnin, su yi masa addu'a. In an faɗa wa kamammu haka, balle kai da ka zo da ƙafarka. Ka koyi gaisuwar gari, ko dasiba ce kawai da safe, ka kuma san yadda ake amsawa da naa. Ka girmama sarakuna da dattawa. Ka je gaisuwar mutuwa ko da mamacin ba addininku ɗaya ba. Ka nemi takardunka bisa doka. Idan dabbarka ta yi ɓarna, ka je da kanka ka biya kafin a zo nemanka. Kada ka yi shekara ashirin kana cin tuwon gari kana kushe masu garin a gaban 'ya'yanka.

Abin yi a wannan mako

Ka zaɓi baƙo ɗaya da kake gani kullum amma ba ka san sunansa ba, ko mai kawo nono ne, ko mai gyaran takalmi, ko ɗalibin da ya zo jami'a daga nesa. Ka tambayi sunansa da garinsu, ka riƙa gaishe shi da sunan. Idan kuma aka fara zagin wata kabila gaba ɗaya a inda kake zaune, ka faɗi alheri ɗaya da ka sani game da mutum ɗaya daga cikinta. Shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma, amma in kana da tabarmar ma, ka shimfiɗa.

Tambayoyi domin tattaunawa

1. Waɗanne baƙi ne aka fi karɓa a unguwarku, waɗanne ne aka fi zargi? Mene ne ainihin dalili?
2. Me ya sāke tsakanin Farawa 47 da Fitowa 1? Ka taɓa ganin irin wannan a garinku?
3. Lissafta abubuwan da Bo'aza ya yi wa Rut. Wanne ne za ka iya yi a wannan wata?
4. Yaya mai bi zai tsaya wa manomin da aka yi wa ɓarna ba tare da ya hukunta dukan makiyaya ba?
5. A cikin dattawa da masu hidimar ikilisiyarku, akwai wanda ba ɗan kabilar masu rinjaye ba?

Addu'a

Ya Ubanmu na sama, dā mu baƙi ne gare ka, ka jawo mu kusa ta wurin jinin Ɗanka. Ka gafarta mana inda muka hukunta mutum saboda sunansa ko harshensa. Ka ba sarakunan Dagbon da shugabannin Gana hikima su yi shari'ar gaskiya tsakanin manomi da makiyayi. Ka kiyaye waɗanda suka tsere wa yaƙi, ka kiyaye 'ya'yanmu da suke baƙunci a garuruwa masu nisa. Ka sa gidajenmu da majami'unmu su zama masauki. A cikin sunan Yesu Almasihu muka roƙa. Amin.